Yadda ake yi wa jariri gwajin jinin dunduniya kafin ranar suna

Akwai cututtukan da jariri ke zuwa da su duniya waɗanda ko likita ba ya ganinsu da ido a ranar haihuwa. Yaro ya faɗo da kuka mai ƙarfi, nauyinsa daidai, ya kama nono, ana ta barka, alhali a jikinsa akwai wani sinadari guda da ba ya aiki. Lokacin da yake ciki, jinin uwa da mabiyiya ne ke rufa masa asiri. Da an yanke cibiya ya fara shan nono, jikinsa ne zai sarrafa furotin da sukari da maiƙon da ke cikin nonon da kansa. Idan sinadarin da ke wannan aiki babu shi, abin sai ya zama kamar kwatar da ta toshe: abin da ya kamata ya wuce ya taru a baya ya zama guba, wanda ake jira a gaba kuma bai iso ba. Ƙwaƙwalwa ce ta fi jin jiki, kuma ɓarnar da aka yi mata a makonnin farko ba ta gyaruwa.

Wani likita ɗan ƙasar Norwe, Asbjørn Følling, shi ya gano ɗaya daga cikin waɗannan cututtuka a 1934, wadda ake kira fenilketonuriya ko PKU. A farkon shekarun 1960 Robert Guthrie a Amurka ya fito da dabarar ɗiga jinin dunduniyar jariri a kan wata takarda mai tsotse ruwa, a busar, a aika ɗakin gwaji, kuma a 1963 jihar Masachusets ta fara yi wa jarirai gwajin gaba ɗaya. Yau a Amurka ana neman cututtuka fiye da 30 a wannan takarda ɗaya, wadda ake kira kati. A Ingila ungozoma ce ke ɗaukar jinin a kwana na biyar. Masar da Saudiyya ma suna da tsarinsu na ƙasa. A Najeriya da Nijar kuwa har yanzu babu tsarin da ya game kowane jariri, don haka idan iyaye ba su nema ba, galibi ba wanda zai yi musu tayi.

Mataki na farko: a fara maganar tun ana zuwa awo

Ranar haihuwa ba ranar bincike ba ce. Mai naƙuda na ta kanta, maigida na ta neman kayan da aka rubuta masa, kafin a farga an sallame su. Saboda haka tun cikin yana wata bakwai ko takwas ki tambayi nas ko likitan da ke duba ki: a nan ana yi wa jarirai gwajin jini bayan haihuwa? Wanne da wanne? Idan ba a yi, ina ne mafi kusa, nawa ne, kuma kwana nawa sakamako ke ɗauka? Manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato su ne wuraren da ya fi dacewa a fara tambaya, a sashen kula da jarirai.

Ki tafi da tarihin gida a kanki, domin shi ne zai nuna wa likita inda zai sa ido. An taɓa rasa jariri a makon farko ko na biyu ba tare da an san dalili ba? Akwai yaron da aka haifa lafiya daga baya ya kasa zama, ya kasa magana, ko yake yawan jijjiga? Akwai wanda shawara ta kama har aka yi masa canjin jini? Ke da maigidan 'yan uwa ne? Wannan tambaya ta ƙarshe ba ta cin fuska ba ce. Yawancin waɗannan cututtuka sai yaro ya gaji ƙwayar halittar daga uwa da uba duka biyu, kuma a auren zumunci an fi samun mata da miji ɗauke da iri ɗaya daga kaka guda. Idan dukansu suna ɗauke da ita, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu. Kowane ciki lissafinsa daban. Haihuwar mai ciwo ɗaya ba ta wanke ukun da ke biye.

A nan ne kuma za ku tabbatar da jinotayif ɗinku ku biyu, ko da an yi kafin aure.

Mataki na biyu: zaɓen gwajin da za a yi

Wasu ɗakunan gwaji masu zaman kansu a manyan birane suna tallar kati mai neman cututtuka arba'in ko hamsin, su aika shi ƙasar waje. Mai hali ya yi, babu laifi. Amma a ganina kuskure ne mutum ya ji tsadar wannan ya haƙura da komai, domin a cikin cututtukan da ake nema a wannan gwaji, waɗanda suka fi kashe mana yara ko nakasa su guda uku ne, kuma su ne mafi sauƙin nema.

Na farko sikila. Ita ba ciwon sarrafa abinci ba ce, ciwon jini ce, amma a kati ɗaya ake nemansu, kuma a ƙasarmu ita ce kan gaba nesa ba kusa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ita duk shekara a Najeriya, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da ƙwayarta. Za ki ji ana cewa ba a yi wa yaro jinotayif sai ya kai wata shida. Wannan magana ta samo asali ne daga tsofaffin hanyoyin gwaji, waɗanda jinin tayi da ke cike a jikin jariri yake rikita su. Na'urar HPLC tana rarrabewa tun ranar haihuwa, haka ma 'yan tsinkayen gwaji na nan-take irin su HemoTypeSC da Sickle SCAN, masu ba da amsa cikin mintuna. A Kumasi, inda Hausawan Zango suke da yawa, marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong ya fara gwada jarirai tun 1995. A Gwagwalada, tawagar Farfesa Obiageli Nnodu ta gwada jarirai fiye da 3,000 a wuraren allurar rigakafi, ta buga sakamakon a 2020, ta nuna cewa ma'aikatan ƙananan asibitoci ma suna iya yi. Mutanen Nijar suna da cibiyar ƙasa ta sikila a Yamai.

Na biyu ƙarancin aikin tayirod, wato ɗan ƙululun gaban wuya wanda idan ya kumbura ake cewa maƙoƙo. Ruwan da yake fitarwa shi ke gina ƙwaƙwalwar jariri. Kimanin jariri ɗaya cikin 2,000 zuwa 4,000 ake haifa da wannan matsala a duniya, kuma ita ce mafi ban takaici, don maganinta ƙwaya ce mai araha sau ɗaya a rana. Irin wannan jariri shi ake yabo a gida: ba ya kuka, barcinsa kawai yake yi, mai haƙuri ne. Kafin a lura da ƙaton harshe, da dusasshiyar murya, da bulluƙutun cibiya, da faɗin maɗiga, da yawan taurin bayan gida, watanni sun shuɗe, kuma an yi asarar da ba ta dawowa. A yankin Kwibek na Kanada aka fara neman ta a jinin dunduniya a shekarun 1970. Sunan gwajin TSH, wato awon sinadarin da ke zaburar da tayirod ya yi aiki. Inda babu kati, ana iya ɗibar jini kaɗan daga jijiya a auna TSH da T4, wato ruwan da tayirod ke fitarwa.

Na uku ƙarancin G6PD, sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyin jini daga fashewa. Ya yi yawa ƙwarai a yankunan da ake zazzaɓin cizon sauro, ya fi bayyana a 'ya'ya maza domin ta wajen uwa suke gadonsa, kuma yana cikin manyan dalilan muguwar shawarar jarirai a Najeriya.

Bayan waɗannan sai su PKU, da galaktosimiya inda jariri ba ya iya sarrafa sukarin da ke cikin nono, da ciwon ƙululun saman ƙoda da ke sa jariri zubar da gishirin jikinsa, da wasu masu yawa. Kowannensu ba kasafai ake samunsa ba. Gidan da aka taɓa rasa jarirai ba dalili, musamman in auren zumunci ne, su ne ya kamata su matsa su yi babban katin ko da sai an yi karo-karo.

Mataki na uku: lokacin ɗaukar jini

Bayan awa 24 da haihuwa, kafin awa 72, jariri ya riga ya sha nono sau da dama. Idan hakan ya kuɓuce, a yi kafin suna.

Dalilin jiran awa 24 biyu ne. A sa'o'in farko TSH na kowane jariri yana tashi sama, sai gwaji ya nuna ciwo inda babu. Su kuma irin su PKU, sai an sha nono abin da ake nema yake taruwa a jini, don haka gwajin wuri yana iya cewa lafiya alhali akwai. Idan an sallame ku da wuri, ku dawo. Hukumar Lafiya ta Duniya dama ta ba da shawarar a sake duba mai jego da jaririnta tsakanin awa 48 zuwa 72, sai a haɗa tafiya ɗaya.

Wadda ta haihu a gida fa? Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 16 cikin ɗari ne kawai na haihuwa a Arewa maso Yamma ake yi a asibiti, saboda haka wannan ita ce mafi yawa. Al'ada ta ce mai jego ba ta fita, amma jariri yana da allurar BCG da ɗigon shan-inna da rigakafin ciwon hanta da ake so ya samu tun farkon haihuwa. Kakarsa ko gwaggonsa ta naɗe shi, maigida ya kai su, a nemi gwajin a wannan fitar.

Yanayi biyu ke canza lissafi. Idan za a yi wa jariri ƙarin jini ko canjin jini, a roƙi likita ya ɗauki na gwajin tukuna ko da bai cika awa 24 ba, don da zarar jinin wani ya shiga, gwajin sikila da G6PD da galaktosimiya ba abin dogaro ba ne sai bayan kimanin wata huɗu. Bakwaini da jariri mai ƙarancin nauyi ko wanda aka kwantar, a sake musu gwajin tayirod bayan makonni, domin nasu yakan makara kafin ya nuna.

Mataki na huɗu: ɗaukar jinin

Aikin ma'aikacin lafiya ne, ba na gida ba, amma uwar da ta san yadda ake yi za ta gane idan an yi ba daidai ba.

A fara cike katin kafin a taɓa yaro. Tunda bai samu suna ba, sunan uwa ake rubutawa, da ranar haihuwa da sa'arta, da sa'ar ɗaukar jini, da nauyinsa, da watannin cikin, da ko an yi masa ƙarin jini. Tagwaye a rubuta na farko da na biyu ƙarara. Ku bar lambar waya biyu. Mai haihuwar fari takan tafi gidan iyayenta wankan jego, wayarta a kashe ko a hannun ƙanwa, kuma sakamako da yawa a nan yake ɓacewa.

Uwa ta rungume jaririn a ƙirjinta, ƙafarsa na reto ƙasa da jikinsa don jini ya sauko, ta sa masa nono minti biyu kafin a fara. Shan nono yana rage masa zafin sosai. A lokacin hunturu a tabbata ƙafar da ɗuminta. Tafin hannu ko tsumma mai ɗumi-ɗumi ya isa, ba ruwan zafin wankan jego ba. Ma'aikaci ya sa safar hannu, ya goge dunduniyar, ya bari ta bushe sarai. Sai ya soka ɗan tsinken da aka yi don jarirai, wanda zurfinsa bai wuce milimita biyu ba, a gefen dunduniya na dama ko na hagu. Ba a soka tsakiya ko bayan dunduniya, saboda ƙashi na kusa.

Daga nan sai haƙuri. A bar ɗigo ya taru ya yi girma da kansa, a kawo takardar ta taɓa ɗigon, ba fatar ba, jinin ya tsotsu ya cika da'irar da aka zana a takardar har ya ɓullo ta baya. Da'ira ɗaya, ɗigo ɗaya. Ba a ɗiga wani a kan wani, ba a juya katin a cika ta baya, kuma ba a matse ƙafar kamar ana tatsa, don ruwan tsoka yana gauraya da jinin ya ɓata awo. Idan jinin ya tsaya, a goge a ɗan shafa ƙafar a hankali, in ya ƙi a soka wani gefen. An gama, a danna auduga har ya tsaya.

A nan ne kaka takan ce, “Wannan jinjirin wane jini gare shi da za a ɗiba?” Amsar ita ce, “Inna, ɗigo huɗu ne ko biyar, ko rubu'in cokalin shayi bai kai ba.” Abin da wanzami ke zubarwa wajen cire belu ya fi haka, kuma shi babu wani amfani da likitoci suka san yana yi, sai haɗarin zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta.

Mataki na biyar: busarwa da aikawa

A kwantar da katin a shimfiɗe a inuwa, wurin jinin ba ya taɓa komai, awa uku zuwa huɗu, har ya koma ruwan ƙasa mai duhu. Ba a shanya shi a rana, ba a ɗora wani a kan wani, ba a sa shi a leda da danshinsa. Zafi da laima suna kashe sinadaran da ake aunawa, musamman na G6PD da galaktosimiya, don haka katin da ya wuni a gaban mota a zafin watan Afrilu ya tashi aiki. A sa shi a ambulan na takarda a aika cikin awa 24. Ku karɓi lambar katin, ku tambayi ranar da za ku dawo.

Mataki na shida: kwanakin jira

Wasu cututtukan ba sa jiran sakamako. Kowace safiya a fito da jariri hasken rana a duba farin idonsa da dasashinsa, a danna goshi ko hanci da yatsa a ga launin da ke ƙasa. Shawarar da ta fito a ranar farko, ko ta sauko ciki da cinyoyi, ko ta kai tafin hannu da ƙafa, ta asibiti ce a ranar. Shanya jariri a hantsi, ruwan gulukos, jiƙe-jiƙe da ɗigon maganin kemis ba sa sauke ta. A asibiti ana auna ta, a sa yaro ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske, in ta yi tsanani a canza jini. Shawarar da ta wuce mako biyu, ko kashin yaro ya koma fari-fari, ita ma a koma a duba tayirod da hanta.

Sai akwatin kayan jariri. An saya tun ciki na wata shida, an jera riguna da zannuwan goyo da huluna, an watsa ƙwallayen kafur a tsakani don kyankyaso. Wannan kafur yana shiga ta fata da numfashi, kuma ga mai ƙarancin G6PD yana fasa jini cikin kwana ɗaya ko biyu. A fitar da shi daga ɗakin baki ɗaya, a wanke kayan a shanya kafin a sa wa yaro. Haka lalle a jikin jariri, da man zafi ko hoda mai mantol a cibiya. Cibiya man kulohekzidin da ake bayarwa a asibiti ya ishe ta.

A garzaya asibiti, ko dare ne, idan jaririn da ke shan nono da kyau ya daina kamawa, ko yana amai a kai a kai, ko barci ya yi masa nauyi har ba ya tasuwa, ko jikinsa ya saki ko ya sandare, ko numfashi ya yi sauri, ko yana jijjiga, ko fitsarinsa na warin ƙonannen sukari. Haka idan an kasa tantance al'aurar jariri ta mace ce ko ta namiji: wannan yana iya zama ciwon ƙululun saman ƙoda, wanda ke kayar da yaro a mako na biyu ko na uku, kuma kunya ba ta da wuri a nan.

Mataki na bakwai: karɓar sakamako

Kada ku ɗauka shiru alheri ne. Ranar da aka ce ta yi, ku kira ko ku je, ku karɓa a rubuce, ku kai wa likitan yara. Ma'aunin TSH na jariri daban yake da na babba, don haka kada a karanta shi da lambobin manya da ke gefen takardar.

Amsa iri uku ce. Ko a ce ba a ga komai ba, wanda ke nufin a cikin abin da aka nema kawai. Ko a ce a sake, galibi don jinin bai isa ba ko an ɗauka da wuri. Ku koma washegari. Ko a ce ana zargin wani ciwo. Wannan zargi ne, tankaɗe ne na farko, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka kira gwaji na biyu yana wanke su. Amma gwaji na biyun na yau ne ko gobe, ba na bayan arba'in ba.

A takardar sikila ta jariri harafin F ne ke gaba, saboda jinin tayi. FA lafiya ke nan, FAS ko FAC mai ɗauke da ƙwaya ne ba mai ciwo ba, FS ko FSC kuwa sai a tabbatar a asibitin masu sikila.

Mataki na takwas: idan an tabbatar

Mai ƙarancin tayirod ana so ya fara lebotayiroksin cikin mako biyun farko. Ana murƙushe ƙwayar tsakanin cokali biyu, a dama da ɗan nonon da aka tatsa, a ba shi ya shanye duka, kullum a lokaci guda. Ba a haɗa ta da madarar waken suya ko maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, don suna hana ta shiga jiki. Za a riƙa auna jini a kai a kai ana ƙara yawan maganin yadda yaro ke girma. Wanda aka fara wa da wuri yana tasowa ya yi karatu kamar kowa. Kada a daina don an ga ya yi kyau. Wasu yaran likita kan sake gwada su a shekara uku ya ga ko har yanzu suna buƙata.

Mai sikila ana fara masa penisilin kullum kafin ya cika wata uku. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 1986 ya nuna wannan kaɗai ya rage mugun ciwon ƙwayoyin cuta a jini da kashi 84 cikin ɗari. Sai cikakkiyar rigakafi a mako 6 da 10 da 14, gidan sauro da maganin kariya daga zazzaɓi, da folik asid. Nas ta koya wa uwa yadda ake lalubar saifa a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. Zafin jiki da ya kai digiri 38, ko ɗashewa farat ɗaya, ko kumburin hannu da ƙafa, asibiti ne kai tsaye. Daga wata tara ana iya maganar haidiroksiyuriya, maganin da ke rage tashin ciwon sikila.

Mai ƙarancin G6PD ba ya shan magani kullum. A rubuta a katinsa, a faɗa wa duk likita ko mai kemis kafin a ba shi magani, don wasu magungunan zazzaɓi da na kashe ƙwayoyin cuta ba nasa ba ne.

Galaktosimiya ce ke sa a dakatar da nono baki ɗaya a koma madara ta musamman marar wannan sukari. A PKU ana haɗa nono daidai gwargwado da madarar da aka cire wa abin da jikin ba ya iya sarrafawa, ana bin awon jini. Likita ne ke yanke wannan hukunci; kada wata uwa ta yaye jariri don zato.

Wanda ya karanta wannan bayan an sha suna, ko yaro ya yi wata biyu ko uku, ya je a yi. Gwajin sikila da G6PD da tayirod duk ana yinsu a kowane lokaci, sai dai a wannan lokacin galibi daga jijiya za a ɗebi jinin. Idan kuma an samu ciwon gado a yaro ɗaya, a kai yayyensa su ma a gwada su, a kuma sanar da likitan awo tun farkon ciki na gaba domin a shirya ɗaukar jinin ƙaninsa a kan lokaci.